Tafiya Wata Ƙasa Alhali Takardar Neman Zama Ɗan Ƙasa Tana Hannun Hukuma

Yankin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ya daɗe da sanin baƙo, domin noman rani a kewayen madatsar ruwa ta Tiga, da kasuwar Kwanar Dangora, da haƙar kuza a Riruwai, duk sun janyo mutane daga nesa, wasunsu ma daga ƙetaren iyaka, suka yi aure suka hayayyafa. Haka kuma 'ya'yan yankin suna fita karatu ko neman abinci a ƙasashen waje, har wasu su nemi zama 'yan can. Duk wanda ya shigar da irin wannan takarda, a nan ko a can, yakan so sanin ko zai iya zuwa ganin gida, ko ta'aziyya, ko aikin Hajji, kafin amsa ta fito. A ƙasashe da dama doka ba ta hana tafiyar ba, amma tana ƙidaya kwanakin da mutum ya yi a waje, kuma wannan ƙidayar ce ke gyara nema ko ta ɓata shi.

A Nijeriya, sashe na 27 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tanadi cewa baƙon da ke neman zama ɗan ƙasa sai ya zauna shekara 15 a jere kafin ranar shigar da takardarsa, ko kuwa ya zauna wata 12 ba yankewa, a kuma samu jimillar shekara 15 cikin shekara 20 da suka gabaci watannin nan. Sashen ya ƙara da cewa dole mai nema ya nuna ƙudurin mayar da Nijeriya mazauninsa na dindindin, kuma gwamnan jihar da yake zaune ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓe shi ya kuma saje da rayuwarsu, kafin Shugaban Ƙasa ya ba shi takardar shaida. Saboda haka mutumin Maraɗi da ke zaune a Kiru, idan ya je gida biki ya komo cikin mako biyu, bai raunana hujjarsa ba. Wanda kuwa ya rufe shago ya kwashe iyali ya shafe watanni a can, ya ba masu bincike dalilin shakkar niyyarsa. Matar da ɗan Nijeriya ya auro daga wata ƙasa tana bin hanyar rajista ƙarƙashin sashe na 26, wadda ba ta buƙatar shekara 15, sai dai ita ma ana neman ta nuna niyyar zama.

A Amurka lissafin ya fi tsauri, domin yawanci ana buƙatar mai katin zama na dindindin ya cika shekara 5, ya kuma kasance cikin ƙasar da ƙafarsa aƙalla wata 30 daga ciki. Tafiya guda da ta haura wata 6 tana sa hukuma ta ɗauka cewa zaman ya yanke, sai mai nema ya kawo hujjar akasin haka, wadda ta kai shekara guda kuwa tana yanke shi, kuma sharaɗin zaman yana ci gaba har ranar rantsuwa. Birtaniya tana duba baya ne: kada mutum ya wuce kwana 450 a waje cikin shekara 5, ko kwana 90 cikin wata 12 na ƙarshe kafin nema.

Hatsarin gajeriyar tafiya shi ne saɓawa da kiran hukuma, wato ranar ɗaukar hoton yatsu, ko ganawar tantancewa, ko rantsuwa, domin wanda bai halarta ba, bai kuma sanar da uzurinsa ba, ana iya rufe takardarsa. Har ila yau, mai nema baƙo ne a idon doka har ya yi rantsuwa, don haka da fasfonsa na asali zai yi tafiya, kuma wajibi ne izinin zamansa ya kasance bai ƙare ba ranar da zai komo.

Wannan bayani ya shafi iyaye da dangi a gida kamar yadda ya shafi matafiyin, domin su ne ke matsa wa ɗa ya zo ya daɗe idan an yi rashi ko ana rabon gado. Abin da ya dace shi ne a tsayar da ranar komawa tun kafin a taso, a adana tikiti da shafukan fasfo masu tambarin shiga da fita, a bar amintaccen mutum yana duba wasiƙun hukuma, sannan idan larura za ta tsawaita zaman, a nemi shawarar lauya ko ofishin da takardar take kafin wa'adi ya cika.