Daga Mai Yara zuwa taron Yamai: tafiyar da ke cin kwanakin noma

Tarukan matasa na lokacin hutu a Yamai kan faɗo ana tsakiyar noman hatsi, don haka ɗan Mai Yara da aka gayyata sai ya bar wa ƙannensa gona. Samun motar Maraɗi ne wahalar farko. Daga can kar za ta kwashe shi fiye da kilomita 600, ta Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Wuni guda ke nan, kuma jandarmomi na tambayar katin ɗan ƙasa.

A Yamai Zabarmanci ya fi yawa, amma Hausa na ciniki a Babbar Kasuwa. Wanda ya samu sararin maraice guda, gara ya hau gadar Kennedy ta 1970, ya kalli kogin Isa da jan ruwansa na damina.