Matatar Ruwa a Gida: Me Take Tacewa, Me Take Bari?

A manyan shagunan Kano da Kaduna, matatar ruwa ta samu gurbi kusa da firji da fanka, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ruwan famfo na Tamburawa da Challawa bai isa unguwannin Kano da yawa ba, inda ya isa kuma yakan biyo ta tsofaffin bututun da suka ratsa kwatoci. Sauran jama'a sun dogara ga rijiyar burtsatse da kurar 'yan ga-ruwa. Ruwan leda da aka fake da shi ya ƙara tsada tun cire tallafin mai a 2023, ga kwalarar 2021, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,000, ba ta bar zukata ba. Tsoron yana kan hanya. Abin da ya kauce shi ne zaɓin, domin da yawa ana saye ne da ido da aljihu, ba tare da an san abin da ke cikin ruwan gidan ba.

Kowace matata da abokin gabarta. Mai gawayi tana cire warin kilorin, ta gyara ɗanɗano, amma ƙwayoyin cuta wucewarsu suke yi. Kyandir ɗin yumɓu yana tare laka da mafi yawan bakteriya, sai dai bairos yakan sulale, abin da ya narke cikin ruwa kuwa ko kallonsa ba ya yi. Na'urar da ake kira RO ce ke cire gishiri da dalma da fulorayid, amma tana son wuta ko ƙarfin famfo, tana kuma zubar da ruwa fiye da wanda take tacewa, wanda ba ƙaramar asara ba ce ga mai sayen jarka. Shi kuwa ɗan ma'aunin da dillali ke tsomawa a kofi, lamba ta hau, maigida ya zare ido, ma'adinai kawai yake ƙirgawa. Ruwa mai kwalara zai iya cin wannan jarrabawa.

Tarihin yankin nan ya nuna fuskoki biyu: inda tacewa mai arha ta yi aiki, da inda ba za ta yi ba. Ƙyallen tace ruwa, mai arha kamar banza, yana cikin abubuwan da suka kawar da kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijeriya da Nijar sun rabu da shi a 2013. Ya yi aiki ne saboda an san abokin gabar: ɗan ƙwaron ruwa mai ɗauke da tsutsar, wanda ba ya iya ratsa saƙar ƙyallen. A Tibiri ta jihar Maraɗi kuwa, ruwan burtsatse garai-garai, ba wari ba laka, shi ya ɓata haƙoran yara ya tanƙwara ƙasusuwansu, saboda fulorayid ɗinsa ya zarce miligiram 1.5 a lita da hukumar ta ƙayyade. Da ƙyalle da kyandir da tafasawa, babu wanda zai ceci waɗannan yara.

Ke nan a gwada ruwa kafin a sayi matata. Za a ce gwajin ruwa kuɗi ne, kuma da babu gara ba daɗi. Akwai gaskiya a nan, domin inda gudawa ce matsalar, kyandir mai arha yana rage ta. Amma gwajin burtsatse ba sai kowane gida ya biya nasa ba. Maƙwabtan da ke ɗiba a rijiya ɗaya za su iya haɗa kuɗi su kai kwalba guda ɗakin gwaji. Haɗarin "gara ba daɗi" shi ne sakin jiki: uwargida ta daina tafasa ruwan jariri don an sayi na'ura, gawayin ya shekara ba a canza ba har ya zama sheƙar ƙwayoyin da aka gudu, kyandir ya tsage ba wanda ya lura. Ko matatar ta yi aikinta, sau da yawa a randa ake juye ruwan, kowane yaro ya tsoma moɗa da hannun da ya dawo da shi daga wasa. Dillali ba ya kawo wannan zance, ba ya kuma faɗin ko za a samu kyandir ɗin canji a kasuwar garin bayan wata shida.