Yadda Zafin Ruwa Yake Sauyawa a Tafkunan Ƙuryoyin Duniya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga kududdufi da tsakar rana ya san ruwan sama ya fi ɗumi, na ƙasa kuwa ya fi sanyi. Saboda sabo, mai karatu zai iya ɗauka haka ruwa yake a ko'ina. To amma a tafkunan ƙuryar arewa ta duniya, watau yankin Aktik, da na ƙuryar kudu, watau nahiyar Antaktika, al'amarin a juye yake a yawancin watannin shekara: sanyi a sama, ɗumi a ƙasa. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin haka, sa'an nan ta nuna cewa ƙanƙarar da ke rufe tafki ita ce ke juya akalar zafin ruwansa, fiye da iskar da ke kaɗawa a bisansa.

Halin ruwa a digiri 4

Galibin abubuwa idan suka yi sanyi sukan tsuke, su ƙara nauyi. Ruwan da ba shi da gishiri yakan bi wannan ƙa'ida har ya sauko kimanin digiri 4 a ma'aunin Salshiyas, inda nauyinsa yake kai matuƙa. Idan ya ƙara sanyi daga nan sai ya fara buɗewa, ya rage nauyi, har ya daskare a sifiri. Wannan shi ya sa ƙanƙara take yawo a kan ruwa. Ke nan a cikin tafki, ruwan da ya fi kusa da digiri 4 shi ne zai kwanta a ƙasa, wanda ya fi shi ɗumi ko ya fi shi sanyi kuwa ya hau sama.

A kan wannan hali masana suka gina rabe-raben tafkuna. Forel, mutumin Suwizalan da ya yi dogon nazari a kan tafkin Janiba, ya kira tafkin da ruwan samansa ba ya wuce digiri 4 tafkin ƙurya. A 1956 Hutchinson da Loffler suka faɗaɗa wannan rabo, suka kasa tafkuna bisa yawan lokutan da ruwansu yake gaurayuwa a shekara.

Zagayen shekara a yankin Aktik

A can shekara kashi biyu ce: dogon ɗari da gajeren lokacin ɗumi. Wajen watan Satumba ƙanƙara takan fara kama fuskar tafki, ta yi ta kauri har ta kai kimanin mita 2 a watan Mayu. Da zarar ta rufe, iska ba ta sake taɓa ruwan, sanyin waje kuma ba ya ratsa shi sai kaɗan kaɗan. Ko da iska ta kai digiri 40 ƙasa da sifiri, ruwan da ke manne da ƙanƙara yana kan sifiri, daga nan ya riƙa ƙara ɗumi zuwa ƙasa, amma ba ya wuce digiri 4. Har ila yau, lakar da ke gindin tafkin takan saki ɗumin da ta adana tun lokacin rana.

Idan rana ta dawo bayan watannin duhu, dusar da ke kan ƙanƙara ta narke, haske yakan ratsa ya ɗumama ruwan da ke dab da ƙanƙarar. A nan wani abin mamaki yake faruwa. Ruwan da ya tashi daga sifiri zuwa digiri 1 ko 2 nauyi yake ƙarawa, don haka sai ya nutse, na ƙasa ya taso. Watau tafkin yakan fara motsi tun marfinsa yana rufe.

Ita kuwa ƙanƙara ba ta narkewa da sauƙi. Zafin da za a kashe wajen narkar da ita, da ruwa mai nauyinta aka ba shi, da ya tashe shi daga sifiri zuwa kimanin digiri 80. Saboda haka, ko da yake rana ba ta faɗuwa a watan Yuni, kaso mai yawa na zafinta a kan ƙanƙara yake ƙarewa. Abin da ya rage shi ne rabon ruwa.

Iri uku na tafkunan ƙurya

Iri na farko shi ne wanda yake buɗewa da wuri har ruwan samansa ya wuce digiri 4. Alal misali, tafkin Toolik na arewacin Alaska, mai zurfin mita 25, inda aka kafa tashar bincike a 1975. Ƙanƙararsa takan tafi a watan Yuni, a Yuli kuma ruwan sama ya haura digiri 10, ya zauna bisa mai sanyi. Irin wannan yakan gauraya sau biyu a shekara: bayan buɗewa da kuma gab da rufewa.

Iri na biyu shi ne wanda ba ya samun isasshen lokaci. Tafkin Elgigitgin na gabashin Siberiya, wanda faɗuwar dutse daga sama ta haƙa shekaru miliyan 3.6 da suka wuce, yana da zurfin kimanin mita 170, kuma ƙanƙara tana rufe shi wajen wata 9. Ruwansa ba ya wuce digiri 4, don haka iska takan gauraya shi daga sama har ƙasa muddin yana buɗe, watau sau ɗaya a shekara.

Iri na uku ba ya buɗewa sam, sai ɗan gefensa. Tafkin Vanda na kwarin Wright a Antaktika yana ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin mita 3 zuwa 4 rani da damina, a wurin da matsakaicin sanyin iska yake kusan digiri 20 ƙasa da sifiri. Duk da haka, a farkon shekarun 1960 masu bincike suka auna kimanin digiri 25 a gindinsa. Dalili kuwa shi ne, tsakanin Disamba da Fabrairu hasken rana yana ratsa ƙanƙarar da garai-garai ruwan har ƙasa. Ruwan gindin ya fi na teku gishiri nesa ba kusa ba, nauyin gishirin kuma yana hana shi tasowa ko da ya yi ɗumi. Ta haka zafin shekaru masu yawa ya taru a wuri ɗaya.

Muhimmancin al'amarin

Rayuwar tafki ta rataya ne a kan wannan tsari. Gaurayuwar ruwa ita ce ke kai iskar oksijin ƙasa, ta kuma ɗebo abincin tsirrai daga laka zuwa inda haske yake. Tafkin da zurfinsa bai kai mita 2 ba yakan daskare har gindi, kifi ba ya ƙetare ɗari a cikinsa. Mai zurfi kuwa mafaka ne ga kifaye, ciki har da wani dangin salmon da mutanen Inuwit suke kira iƙaluk, wanda yake cikin manyan abincinsu.

Bincike ya nuna cewa daga 1979 zuwa 2021 yankin Aktik ya ɗumama da saurin da ya kusa ninka na duniya baki ɗaya sau huɗu. Idan ƙanƙara ta tafi da wuri, tafki na iri na biyu yana iya komawa iri na farko: ruwan sama ya yi wa kifin sanyi zafi, na ƙasa kuma ya daɗe bai sami iska ba.

Kammalawa

An ga cewa abu biyu ne ke tsara shekarar tafkin ƙurya: nauyin ruwa a digiri 4, da tsawon zaman ƙanƙara. Na farko hali ne na ruwa wanda ba ya sauyawa, na biyu kuwa yana raguwa a tafkuna da dama na arewa. Saboda haka masana suke lura da ranar rufewar tafki da ranar buɗewarsa kowace shekara, domin daga ratar da ke tsakaninsu ake gane irin zafin da ruwan zai samu, da kuma abin da zai iya rayuwa a cikinsa.