Shin Ƙwayar Cuta na Iya Laɓewa a Moɗa da Kwano?



A zagayen da muke yi gida-gida, akwai tambayar da muke yawan sha a ƙofar zaure. Uwa takan nuna mana tsakar gidanta a share tsaf, kwanuka a wanke a kife, sannan ta tambaye mu dalilin da zai sa a ɗiga wa ɗanta maganin rigakafi alhali babu ƙazanta a gidan. Tambaya ce mai kyau, ta kuma cancanci amsa ta gaskiya.

Ƙwayoyin cutar da ake kira bairos ba hanya ɗaya suke bi ba. Kyanda iska take bi: idan mai ita ya yi tari ko atishawa a ɗaki, ƙwayar na iya zama cikin iskar ɗakin har sa'a 2 bayan ya fita. Zazzaɓin shawara sauro ne ke kai shi. Korona ma, wadda ta sa aka yi ta goge ƙyaure da kuɗi a shekarar 2020, daga baya bincike ya nuna ta numfashi ta fi yaɗuwa. Ƙanjamau kuwa ba a ɗaukarsa ta kwano, ko moɗa, ko musabaha, don haka kada a ware wa kowa kwanonsa saboda shi.

Amma akwai waɗanda kayan gida ne hanyarsu, kuma cutar shan inna tana gaba a cikinsu.

Ƙwayar shan inna a hanjin yaro take hayayyafa, tana fita cikin bayan-gidansa har tsawon makonni. Ku dubi yadda take tafiya. Uwa ta yi wa ƙaramin tsarki da buta, ta ɗauraye hannu da ruwa zalla. Ta ɗauki moɗa ta tsoma a randa. Yayarsa ta zo ta sha, ɗan maƙwabta ya shigo wasa shi ma ya sha. Fo ɗin da aka ajiye bakin magudana ƙuda ya sauka a kai, ya tashi ya sauka kan tuwo. Mai rarrafe ya taɓa tabarma, ya kai hannu baki. Babu wanda ya yi ganganci a duk wannan, kuma ido bai ga komai ba. Ƙwayar tana da taurin rai. A cikin ruwa da danshi takan daɗe ba ta mutu ba, kuma man goge hannu mai sinadarin alkohol ba ya yi mata illa sosai.

Abin da ya fi wuya shi ne, mafi yawan yaran da suka ɗauke ta ba sa nuna wata alama. Suna wasa, suna cin abinci, suna kuma baza ta. Cikin kowane 200 da suka kamu, kusan ɗaya ne ƙafarsa ko hannunsa ke shanyewa, shanyewar da ba ta da magani har abada. Ke nan yaro ɗaya da aka gani yana jan ƙafa a unguwa, shaida ce cewa ƙwayar ta riga ta ratsa gidaje da dama. Wa za a raba wa kwano, tunda ba a san mai ɗauke da ita ba?

Haka ƙwayar rota take, mai sa jarirai gudawa da amai; takan zauna kwanaki a kan kayan wasa da hannun ƙofa. Ta ciwon hanta nau'in B kuma jini take bi, tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jinin da ke jikin aska ko reza. Shi ya sa muke roƙon wanzamai da ungozomomi su riƙa amfani da sabuwar reza ga kowane jariri, ko wajen yanke cibiya, ko askin suna, ko kaciya.

Tsafta tana rage hatsari ƙwarai, ba ma raina ta. A wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga masai, bayan yi wa yaro tsarki, da kuma kafin cin abinci. Inda babu sabulu, toka ta fi ruwa zalla. A zuba kashin yara a masai, kada a ce ai na yaro ne ba ya cutarwa. A rufe randa, a rataye mata moɗa mai dogon hannu wadda ba a kai ta baki. A wanke fo da ruwan bilic.

Sai dai yaro ba a gida ɗaya yake yini ba. Yana makarantar allo, yana gidan suna, yana bin uwarsa kasuwar Shuwarin. Sabulun gidanku ba ya binsa can, ɗigon rigakafi ne ke binsa.

Mun ga abin da ya faru lokacin da aka dakatar da rigakafi a wasu jihohin Arewa a 2003 zuwa 2004: cutar ta ƙaru, ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Da sarakuna da malamai suka tsaya tsayin daka, sai al'amari ya juya. An ga shan inna ta asali karo na ƙarshe a Nijeriya a Jihar Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ita. Saura wani nau'i da ke ɓulla a inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba. Ƙwayar cikin ɗigon rarrauna ce, amma idan ta daɗe tana yawo tsakanin yaran da ba a yi wa ba, takan sake yin ƙarfi. An gano irin wannan a nan Jigawa a 2018, ya kuma yaɗu har Jamhuriyar Nijar. Maganinsa shi ne kada a bar yaro ko ɗaya a baya.

A kai jariri asibiti ranar da aka haife shi, domin ɗigon shan inna da allurar ciwon hanta, wadda ta fi amfani cikin sa'a 24 na farko. A koma yana da mako 6, mako 10 da mako 14; tun 2022 ana haɗawa da ɗigon rota. Allurar kyanda a wata 9, a maimaita a wata 15. Duk kyauta ne a cibiyar lafiya mafi kusa da ku. Idan ma'aikatanmu suka yi sallama, a fito da duk yaron da bai kai shekara 5 ba, har da na baƙi, ko da an ɗiga masa a baya. A adana katin rigakafi inda ruwa da gara ba za su taɓa shi ba, a kuma riƙo shi duk ranar zuwa awo.