Kifin Mariga tsakanin zafin bazara da zaiba

Idan bazara ta kankama, kogin Mariga yakan janye ya bar gurabe nan da can, ruwan ya yi ɗumi kamar an sauke shi daga murhu. Nan kifi ke taruwa, nan kuma yake jigata. Lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 20 tana riƙe iskar oksijin kusan miligiram 9; a digiri 30 sai ta koma 7 da rabi. Jikin kifi kuwa zafin ruwa yake bi, buƙatarsa ta iska sai ta ƙaru daidai lokacin da iskar ke ƙaranci. Dole ya yawaita zuƙar ruwa, duk dattin da ke ciki ya shige shi.

Ƙasar Birnin Gwari, inda kogin ke bi, ƙasar zinare ce, da zaiba kuma ake kama zinare. Ruwan wankin ƙasa ya gangara rafi, ƙwayoyin halitta na cikin laka su mayar da zaibar irin mai maƙalewa a tsoka, wadda ta nakasa mutanen Minamata ta Japan, aka gano cutar a 1956. Ga kuma maganin ciyawa. Manomi ya gama feshin masara, ya tsuguna bakin rafi ya ɗauraye famfonsa, farin ruwan ya bi gangare. Ba mugunta ba ce, ba a faɗa masa ba ne. Atrazine da ake fesa wa masara, tun 2004 Tarayyar Turai ta hana shi.

Waɗannan sinadarai ba lalle su kashe kifi a ga gawarsa tana yawo ba. Homon suke rikitawa, wato saƙon da ke gaya wa jiki lokacin girma da lokacin yin ƙwai. A wani tafkin gwaji a Kanada an zuba ɗan mitsitsin sinadarin maganin tazarar haihuwa, mazan wani ƙaramin kifi suka soma kama da mata, irin ya kusa ƙarewa. An buga sakamakon a 2007. Karfasa ma, zafi kaɗai na digiri 36 a makonninta na farko yakan mayar da mata maza.

Tun sulhun da aka yi da 'yan bindiga a ƙarshen 2024 noma ya fara dawowa a yankin Birnin Gwari, feshi kuma yana biye da shi. Yanzu ya kamata masana na jami'o'inmu su sayi tarwaɗa daga hannun masunta, su auna tsokarta da ƙwanta. Ita ce ke kwana cikin laka tana cin ƙananan kifaye, ita ce kuma muke ƙyafewa mu sa a miya.