Jerin ayyukan rana a Taura: agogo ko kiran salla?

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, zuwa Ringim ko Dutse daga Taura ya daina zama abin yi a kan ƙaramin dalili. Mai zuwa sakatariya yakan haɗa da banki, da sayen magani, da saƙon gwaggo, don kuɗin mota ɗaya ya biya buƙata huɗu. Kai ba ya riƙe wannan duka, sai a rubuta, ko a bayan littafin bashi ko a waya. A ganina wannan matsin ya fi bidiyoyin ƙarfafa gwiwa na TikTok tasiri wajen yaɗa ɗabi'ar jera ayyuka a tsakanin matasa. Ga kuma yawan tuwo a gaban mutum ɗaya: ɗalibi ne a Jami'ar Tarayya ta Dutse, yana da teburin POS, gonar shinkafar gida kuma na jiransa.

Rubutun na da amfanin da bincike ya tabbatar. A 2011 masu bincike Masicampo da Baumeister sun nuna cewa aikin da ba a gama ba yana rage damun zuciya da zarar an tsara yadda za a yi shi. A 2018 kuma, a Jami'ar Baylor ta Amurka, an ga waɗanda suka rubuta ayyukan gobe kafin kwanciya sun riga waɗanda suka rubuta abin da suka kammala yin barci.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake kwafo tsarin. Jerin da aka gina a kan "ƙarfe tara zuwa goma" na mutumin da ranarsa tasa ce shi kaɗai. A Taura rana ta jama'a ce. Sanarwar jana'iza ɗaya bayan asuba ta isa ta rushe shirin hantsi, kuma babu mai hankalin da zai ce jerinsa ya hana shi zuwa maƙabarta. Wuta ta ɗauke, sabis ya tafi, da damina kogin Haɗeja ya cika ya datse hanyar gona. Matashin da ya rubuta abu goma ya yi uku sai ya kwana yana zargin kansa da lalaci, alhali lissafin ne bai dace da garin ba. Mafi muni, wani yakan fara kallon gaisuwar mara lafiya da zuwa suna a matsayin ɓata lokaci. Wani kuma ya cika takarda da ƙananan ayyuka don daɗin soke su, babban yana nan ba a taɓa ba.

Garin kuwa da ma yana da nasa tsarin. Salloli biyar sun raba yini, ranar kasuwar Gujungu ta raba mako, shuka da girbi sun raba shekara. Fatake da manoma sun daɗe suna cewa "kafin azahar" ko "kasuwa mai zuwa", kuma irin wannan alkawari ya fi cika, domin yana da sarari a cikinsa. Jerin da ya rataya abu ɗaya ko biyu a tsakanin kowace salla, ya bar bayan la'asar ga zumunci da abin da ya taso, ya fi jure ranar Taura. Wanda bai yi boko ba ma yana iya yin nasa da ajami, ko ya tura wa kansa saƙon murya a WhatsApp.