Waldar Waya da Gas, da Abin da Iskar Hunturu Ke Yi Mata



Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Kalgo, ko ya ratsa garin Gwandu, ya saba ganin tartsatsin masu walda a bakin titi: ga ƙofofin ƙarfe a jingine, ga garmar shanu, ga injin ban ruwan manoman shinkafa na jiran gyara. Akasari da sandar ilakturod ake wannan aiki. Yau wata walda daban za mu duba, wadda ake kira MIG.

Ita babu ruwanta da sanda. Siririyar waya ce, kaurinta wajen milimita 1, a nannaɗe cikin injin, tana warwarowa kamar zare a keken ɗinki. Da zarar mai walda ya danna kunamar bindigar da ke hannunsa, sai injin ya turo wayar, wutar lantarki ta tsallaka daga bakinta zuwa ƙarfen, zafi ya narkar da su su haɗe. A lokacin kuma gas na fesowa yana lulluɓe wurin.

Me ya kawo gas? Narkakken ƙarfe na shan iskar da muke shaƙa, idan ya huce sai ka tarar da ƙananan ramuka cike da ɗinkin, a ɗora masa nauyi ya tsage. Gas ɗin argon da ake amfani da shi ba ya cuɗanya da ƙarfe, aikinsa kawai ya kore iskar. A Amurka aka ɓullo da dabarar a 1948 domin waldar alminiyum. A 1953 masana a Tarayyar Sobiyet suka nuna cewa gas ɗin kabon dayokzaid, mai araha, zai wadatar a kan baƙin ƙarfe.

Aikin na sauri. Ba tsayawa canza sanda, ba ɓawon da za a kankare da guduma, kuma fallen ƙarfe irin na jikin mota bai cika hujewa ba.

To me ya hana ta mamaye rumfunanmu? Iska, jama'a. Mai waldar Kalgo a fili yake aiki, hunturu na kaɗawa sai ta kwashe gas ɗin kafin ya tsinana komai. Ita kuwa sanda, garin da aka shafe ta da shi ne ke ƙonewa ya ba ta kariya. Ƙari ga haka, MIG ba ta son tsatsa ko fenti, ga kuɗin cika tukunyar gas, ga rashin tabbas na wuta. A ganina, mai shago rufaffe da ke ƙera tagogi da gadaje da yawa shi zai ci ribarta.

Wanda kuma aikinsa na waje ne, akwai wata waya mai gari a cikinta da ke aiki ba tukunya. Tana da hayaƙi, tana barin ɓawo, amma iska ba ta cika damun ta ba.